Shekarar da Na Goya Yayarku

Ku ƙannenta nake rubuta wa wannan, ko da yake na san hannun da zai ƙare a ciki. Hadiza auta ce ta dawo daga biki a Jangebe ta kawo mini maganar, tana dariya, don ita a wurinta abin dariya ne. Wai mata sun ga yayarku ta ɗora ɗanta na fari a cinya tana kiran sunansa gatsal a cikin taro, suka yi mata ca, ita kuma ta ce musu:

"Ni ba ni yin irin ta Kulu. Tun da nike ba ta taɓa goya ni ba, ba ta taɓa kiran sunana ba. Inna ita ɗai at uwata."

Kulu ni ce. Haka take kirana tun da ta fara magana, ban kuma taɓa hana ta ba. Inna kuwa kakarku ce, mahaifiyar babanku, Allah Ya jiƙanta. Na taya Hadiza dariya, sannan na shiga ɗaki, aka kawo mini tuwo na kasa ci. Yayarku ba ƙarya ta yi ba, abin da ta sani ta faɗa. Amma akwai abin da ba ta sani ba, kuma waɗanda suka gani da idonsu sun kusa ƙarewa.

Ku 'yan yanzu sai an yi muku bayanin kunyar ɗan fari kamar ana karanta muku labarin wata ƙasa. Mu a cikinta muka tashi. A Tsibiri, inda aka haife ni, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. In ya faɗi ya fasa baki, sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Da aka kawo ni Bakura na tarar nan ma haka ne, har ma sun fi mu. Ba ƙiyayya ba ce, kada wanda ya gaya muku haka. Girmama manya ce, kana nuna musu ɗan nan nasu ne kafin ya zama naka. Ranar da aka yaye yayarku, Inna ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, tsakanin ɗakin da nawa ba nisa, amma daga ranar ta zama "ɗiyar Inna" a bakina. Ina dama mata kunu in aika. Ina wanke mata kaya in shanya a igiyar Inna. In ta yi dariya a tsakar gida ina jin ta har cikin ƙashina, fuskata kuwa kamar ban ji komai ba. Na iya abin sosai, har ana ba da misali da ni a unguwa, kuma ina jin daɗin hakan.

Shekarar da nake magana tana da kamar shekara uku, ni kuma ina da ƙaramin cikin ƙaninta Sani. Damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, sai wata mura ta shigo unguwa tana bi gida gida. Yara su yi zazzaɓi da majina da tari, su kwanta, su tashi su koma wasansu. Ita tata ba ta tafi ba, sai ta sauka ƙirji. Inna ta yi duk abin da ta sani: jiƙo, turare, shafa man shanu a ƙirji. Babanku ya sayo maganin tari a kemis. Tarin dai sai ƙaruwa yake, numfashinta ya koma sauri sauri, in ta ja sai ka ga fatar tsakanin haƙarƙarinta ta lotsa ciki. Ni ina madafi, hannuna a kan muciya, kunnena a ɗakin Inna.

Wata safiya tari ya turnuƙe ta, mai tsawo, ta ƙwalla ƙara, sannan ta yi shiru. Kafin hantsi ya dubi tsakar gida wuyanta ya cika, kumatunta sun tasa. Na ji Inna tana kiran maƙwabciyarmu da murna:

"Zo ki gani, ɗiyata ta fara maida jiki. Dubi kumatu, dubi wuya. Tarin ma ya rage."

Maƙwabciya ta yi barka. Ni kuwa ni ke dama kunun, ni ake dawo wa da kofin ba a taɓa ba. Yaron da ba ya ci ba ya ƙiba tsakanin safe da hantsi. Na jira har Inna ta ɗauki buta ta zagaya, na shiga ɗakinta kamar mai neman ƙwarya. Yarinya na zaune an tokare ta da filo, bakinta buɗe. Na sa yatsa biyu a wuyanta na danna a hankali. Sai na ji abin yana ƙaras ƙaras a ƙarƙashin fata, kamar an cusa mata ƙaiƙayi. Na danna saman ƙirji, nan ma haka. Ban taɓa jin irin wannan a jikin mutum ba, tsoro ya kama ni. Ta ɗaga ido ta dube ni da mamaki, don ba ta saba ganina kusa haka ba. Na ɗauki ƙwaryar na fita.

Babanku ya dawo daga gona da azahar. Na kai masa ruwa, na durƙusa, na ce ƙasa ƙasa:

"Ɗiyar Inna, wuyan nan nata ba ƙiba na ba."

"Kin gaya ma Inna?"

"Ni?"

"To ni?"

Ku yi dariya in kuna so. Manya biyu, uwa da uba, kowa na tura ɗan'uwansa, don shi ma ɗiyar fari ce a wurinsa, kunyar da ta ɗaure ni ita ta ɗaure shi. Daga ƙarshe ya je ƙofar ɗakin ya gaishe da Inna, ya yi ta kewaye kewaye, har ya ce wai ya ji an ce wani kumburin yana kama da ƙiba. Inna ta taɓa wuyan da kanta. Na ga fuskarta ta canja. Nan take ta aika a kira Baba Audu wanzami.

Baba Audu mutumin kirki ne, shi ya yi wa babanku askin suna, shi ya yi wa yayarku. Ya zo da zabirarsa, ya zauna a tabarma a tsakar gida, aka fito masa da yarinya. Ya latsa, ya saurara, ya ce mugun jini ne ya taru, za a yi 'yar tsaga nan da nan a kafa ƙaho a zuƙe shi. Ya fara fitar da aska yana gogawa. Ina madafi ina leƙe ta jikin ƙyaure. Daga inda nake hasken rana na kan ƙirjinta, kuma na ga abin da na kusa ba su lura da shi ba: gefe ɗaya na ƙirjin na ɗagawa yana sauka, ɗayan kuwa ya tsaya cak. Leɓunanta sun fara yin duhu. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Na ajiye muciya, na fito, na durƙusa na gaida Baba Audu, na ɗauki yarinya daga cinyar Inna, na juya ta baya, na ja zane na ɗaure.

"Kulu?" in ji Inna.

"Inna, ki gahwarce ni. Mafara za ni kai ta."

Baba Audu ya dubi babanku, babanku ya dubi ƙasa. Tsohon ya maida askarsa cikin zabira, ya ce, "Ɗiyar fari, gaban surukai. To, Allah shi ba da lahiya." Ba da faɗa ya faɗa ba, mamaki ne kawai.

Na ratsa unguwa da ita a bayana, mata na leƙowa daga zaure. Na ji wata ta ce, "Wagga ba Kulu ba ta?" Ban waiga ba. Kumatunta mai zafi na tsakanin kafaɗuna, numfashinta na busa mini wuya, gajere gajere. Rabon da in ji nauyinta tun kafin yaye. Ta yi nauyi, ta yi tsawo, ƙafafunta har suna dukan cinyata, duk a gabana ta yi wannan girman amma ban san shi a jikina ba sai ranar. Kafin in kai bakin titi babanku ya cim mana da babur. Inna ta biyo mu a motar haya, da mayafinta a karkace. Tun daga Bakura har Talata Mafara yarinyar nan abu ɗaya take faɗa a bayana, in ta samu numfashin faɗa: "Inna. Inna."

A asibiti wata nas ta karɓe ta da sauri, ta sa mata robar iska a hanci, ta juyo ta dube mu ni da Inna.

"Wa ce uwar?"

Na sunkuyar da kai. Inna ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ga ta nan." Nas ta tambaye ni sunan yarinya. Bakina ya ƙi buɗewa. Ta sake tambaya, ta fara ƙosawa, sai Inna ta faɗa mata.

Aka ɗauki hoton ƙirji. Likitan saurayi ne, mai magana a hankali. Ya ɗaga hoton ta taga ya nuna mana, ya yi bayani yadda za mu gane. Ya ce ƙwayar cutar murar nan ce ta sauka cikin huhu ta kumbura shi, ta raunana shi. Huhu kuwa cike yake da 'yan ƙananan jakunkuna da iska ke shiga, ƙarfin tari ya fasa wasu, iska ta riƙa tsiyaya tana fita inda ba wurinta ba. Wata ta hau sama ta bi ƙarƙashin fata, ita ce muka ji tana ƙaras ƙaras a wuya. Wannan, in ji shi, ba ita ce abin tsoro ba, jiki zai shanye ta da kansa. Abin tsoron ita ce wadda ta taru a cikin ƙirji ta danne huhun dama har ya kasa buɗewa. Dole a sa roba ta tsakanin haƙarƙari a fitar da ita, kuma yanzu. Babanku ya tambaya ko da an yi tsagar da ta fita. Likita ya girgiza kai, ya ce inda take aska ba ta kaiwa, sai dai a ƙara mata ciwo a ɓata lokaci. Inna ta riƙe bakin mayafinta tana murzawa.

Ya ce zai yi allurar kashe zafi, amma yana son mutum ɗaya da zai riƙe ta ya lallashe ta, don kuka da fizge fizge na ƙara turo iskar. Kowa ya dubi Inna, ni ma ita na duba. Ta miƙa hannu za ta karɓe ta. Sai ta dube ni, ta maida hannun cikin mayafi.

"Kulu, riƙe ɗiyarki. Ni za ni in yi alwala."

Ba lokacin wata salla ba ne. Ta ja babanku suka fita.

Na zauna a bakin gado na ɗaga hannunta na dama sama kamar yadda aka nuna mini, na haɗa goshina da nata. Tana ta neman ƙwacewa, tana kiran Inna, muryar ba ta fita sosai. Na ce "yi shiru", ba ta ji ba. Na ce "ɗiyar Inna", ta ƙara fizgewa. Likita ya ce, "Mama, yi mata magana, kira ta." Sai na kira sunanta. Sunan da ke cikin bakina shekara uku ban taɓa bari ya fito ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Ta tsaya. Ta buɗe ido ta dube ni kamar ta ji bango ya yi magana. Na sake kira, na sake, na haɗa da wata 'yar waƙar reno da uwata ke yi wa ƙannena a Tsibiri. Tana kallon bakina har aka gama. Na ji wani huci ya fita, na ga gefen ƙirjin da ya tsaya ya fara motsi. Kafin a jima duhun leɓunanta ya fara washewa. Nan na yi kuka, a gaban likita da nas, ban ji kunyar kowa ba.

Robar an haɗa ta da wata kwalba mai ruwa da aka ajiye a ƙasa gefen gado. Duk numfashin da ta yi ko ta yi tari, sai ruwan ya yi ɓul ɓul. Nas ta ja mana kunne kada a ɗaga kwalbar sama da gado, kada a bari ta faɗi. Ta ce muddin ruwan na kumfa, hujin bai toshe ba, ranar da ya daina, huhu ya warke. Na zama mai gadin kwalba. Masu zuwa dubiya in sun matso sai in tare da ƙafa. Kwanakin da muka yi a nan, na fi kallon ruwan nan fiye da fuskar kowa.

Inna kuwa ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Da an yi sallar safe ta ba yarinya kunu, sai ta ɗauki buta ta ce za ta yi alwala, ba za a sake ganinta ba sai rana ta take. Da la'asar ma haka. Da farko na ɗauka zaman ɗakin ne ke damunta. Sai wata rana na je ɗebo ruwa na hango ta zaune ƙarƙashin dalbejiya, buta a gefe, cike, ba a taɓa ba, tana jan carbi. Ashe fili take ba ni. In ta fita, ni ke shafa wa yarinya mai, ni ke tsefe mata kai, in danna wuyan a hankali in ji ƙaras ƙaras ɗin na raguwa, ita kuma ta yi dariya ta ce in ƙara. Har ta fara cewa, "Kulu, yi waƙar." In mun ji takun Inna, sai in koma kan tabarmata in kama kallon kwalba.

Ranar da na same ta ƙarƙashin bishiyar, na juya zan koma sai ta kira ni. Ta ce in zauna. Ba ta dube ni ba, tana kallon gabanta ta ce:

"Kin ɗauka mijinki shi na ɗan farina? Akwai wani gaba nai. Ya rasu hannun uwar mijina, ina tsakar gida ina daka. Na ji sa'adda kukan yat tsaya. Ban aje taɓarya ba, Kulu, don kar a ce. Har yau ban san nauyi nai ba."

Ta share ido da bakin mayafi, ta ce in tashi in koma, kada a bar kwalba ba kowa.

Wata safiya na duba ruwan na ga ya kwanta. Ta yi tari, bai motsa da kumfa ba. Na kira nas, nas ta kira likita, aka sake hoto, ya ce huhu ya buɗe ya cika wurinsa. Bayan an ƙara dubawa aka cire robar aka rufe wurin. Tabon nan da ke ƙarƙashin hammatarta ta dama, wanda kuke cewa na ƙurji ne, wannan ne.

Mun dawo Bakura da yarinya a raye, ni kuma na dawo da suna. A bakin rijiya, a gidan suna, in na shigo sai a yi ƙus ƙus. Wata ta ce mini a fuska, "Ke da muke ba ɗiyanmu misali da ke." Labari ya kai Tsibiri. Uwata ta hau mota ta zo takanas, ta durƙusa ta ba Inna haƙuri, wai ba haka ta rene ni ba. Inna ta ce mata ba abin da ya faru, ita ce ta sa ni, ƙafarta ce ke ciwo. Daga nan labarin ya juya a bakin mutane, ya koma Inna ce ta kai jikarta asibiti, ni rakiya na yi. Na bar shi a haka. Ya rufe mini baki a unguwa, ya kuma rufa wa Inna asirin zancen ƙiba da na ƙaho, wanda na san yana cin ta. Ranar da muka dawo, ni da kaina na kai yarinya ɗakin Inna na shimfiɗa ta. Da safe ta zo ƙofar madafi ta tsaya.

"Kulu, yi waƙar."

Maƙwabta biyu na tsakar gida suna sussuka. Na ce, "Tahi wurin Inna." Ta zo washegari, ta sake zuwa, sannan ta daina. Yaro ne, ta manta, kuma haka aka so. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ya fi mini maganar mata ciwo nesa ba kusa ba.

Ban rubuta wannan don in ce kunya banza ce ba. Ita ta ba yayarku uwa irin Inna, wadda ba ta taɓa bari ta kwana da yunwa ko da kuka ba. Ban kuma ce ku yi ta yadda muka yi ba. Abin da na sani shi ne, in kun ga yaro mai mura numfashinsa ya koma sauri, ko wuyansa ya cika yana ƙara a ƙarƙashin yatsa, ba lokacin duban fuskar kowa ba ne, ku ɗauke shi ku tafi. Yayarku kuma ta ci gaba da ɗora ɗanta a cinya, duk matar da ta yi magana a turo mini ita.

Inna ta rasu, Baba Audu ya rasu, uwata ta rasu, matan bakin rijiya saura ɗaiɗai. Babu sauran wanda zan ji wa kunya sai ita kanta, kuma na san in ta zo gobe ta tsaya a gabana, bakina ba zai buɗe ba, ya riga ya saba. Don haka Hadiza, ke da kika kawo maganar, ke za ki mayar da amsa. Ki kai mata wannan Jangebe, ki bari sai ta kwantar da yaro, ki ce ta ɗaga hannunta na dama ta taɓa tabon, sannan ta karanta layin ƙarshe da kanta.

Na goya ki, Balkisu. Daga Bakura har Mafara, kina kiran Inna, ni kuma ina jin daɗin nauyinki.